Yadda Za Ka Karanci Kemistiri Ba Tare Da Ka Fahimci Komai Ba

Ɗan'uwa ɗalibi, matso kusa. Idan likitanci ka nema a jami'a aka jefa ka kemistiri, kwantar da hankalinka. Ni mai shagon fotokwafi ne a bakin ƙofar makaranta, babu handawut ɗin kemistiri da bai bi ta injina ba. Na ga waɗanda suka shigo ba su san komai ba, suka fita da digiri a yadda suka shigo, lafiyarsu ƙalau, wasu har da ƙiba. Ka bi matakan nan, na yi maka alkawari za ka gama karatu ilimi bai ko shafe ka ba. Mutum ɗaya na sani da ya kauce, Uzairu, ɗan wani ƙauye a bayan Kiru. Da shi zan riƙa yi maka misali, ka ga inda ya yi daidai da inda ya kai kansa.

Mataki na ɗaya: Ka haddace, kada ka tambaya

Duk abin da malami ya rubuta a allo, ka haɗiye shi da Turancinsa yadda ake haɗiye ƙwayar zazzaɓi. Kada ka tauna. Ranar jarrabawa ka amayar da shi a takarda, ka fito da cikinka wasai.

Idan malami ya ce, “Akwai mai tambaya?” ka sunkuyar da kai kamar kana neman biro. Ba tambaya yake so ba, lakca ta gaba yake sauri. A nan Uzairu gwani ne. Yana iya karanto maka shafi guda a kan yadda ruwan gwaji ke canja launi idan asid ya haɗu da abin da ke karya shi, ko numfashi ba zai ja ba. Launin ne dai bai taɓa gani da idonsa ba.

Mataki na biyu: A ɗakin gwaji, ka zaɓi baya

Ranar firaktikal za ka tarar da aji guda sun kewaye bututun gilashi ɗaya kamar ana rabon taki. Kada ka kutsa. Na gaba shi ake miƙa wa kwalba, in ta fashe sunansa za a kira. Ka tsaya a baya ka riƙa ɗaga wuya. Da ka ji na gaba sun ce “Ya canja!” kai ma ka ce “Ya canja!” da ƙarfi, sannan ka leƙa takardar maƙwabci.

Farar rigar gwaji kuwa wajibi ce. Ka wanke ta, ka goge ta, ka yi hoto da ita. Amfaninta ke nan.

Mataki na uku: A gida, kada ka sake ka yi bayani da Hausa

Wannan matakin shi ne rai. Hausa tana tona asiri, domin kowa yana jin ta. In aka tambaye ka wani abu, ka saki Turanci, ka ƙare da “sai a hankali.”

Uzairu yana da dalilin riƙe wannan da hannu biyu. Tun rasuwar mahaifinsa, Baffa Ɗahiru ke riƙe da gidan, mutum ne da ba ya son abin da ba a ganin amfaninsa. A hutun da ya wuce ya zaunar da shi a zaure ya ce, “Uzairu, ɗan gidan Malam Bature gyaran injin ban-ruwa ya koyo, kowa ya gani. Kai me kake koyowa?” Uzairu ya saki Turanci. Baffa ya saurara har ƙarshe, ya ce, “To. Damina na tafe, gonar masara ta Doguwa ba ta da mai tsaya mata. In ban ga inda karatun nan ya dosa ba kafin lokacin shuka, ka gama ke nan.”

Saura shekara ɗaya ya gama, kuma Uzairu yana tsoron gonar nan fiye da jarrabawa. Mahaifiyarsa, Inna Suwaiba, tana jin su daga tsakar gida. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta tsaya masa a gaban ƙanin mijinta. Amma ran nan ba ta ci tuwo ba.

Mataki na huɗu: Ka guji masu bincike

Lokaci-lokaci za ka ga wata malama ta shigo aji da murmushi ta ce tana bincike a kan yadda ɗalibai ke koyon kemistiri. Ka nemi ƙofa. Waɗannan mutane ba maki suke bayarwa ba, so suke su san abin da ke cikin kanka, wanda ko kai ba ka son ka sani.

Dakta Nusaiba ita ce irinsu. Ta lura ɗalibanta suna cin jarrabawa, amma in ta ce su faɗa mata abin da suka rubuta da bakinsu sai su yi tsuru-tsuru. Sai ta ce tana neman waɗanda za ta bi har gida, su yi wa iyayensu bayanin darasi ɗaya da Hausa, da kayan da ke cikin gidan, ta ga me zai fito.

Duk ajin suka duƙa neman biro. Uzairu kaɗai ya ɗaga hannu. Lissafinsa shi ne, in Baffa ya ga Dakta sukutum ta zo daga jami'a a mota saboda shi, magana ta ƙare. Har ya zaɓa mata rana: ranar sunan ɗan ƙanwarsa Rufaida, wadda ta zo haihuwar fari gida, lokacin da gidan zai cika da dangin mijinta. Na ce masa, “Uzairu, kana neman jama'a su shaida abin da ba ka da shi.” Ya ce mini ai Turanci na nan.

Mataki na biyar: Kada ka taɓa komai da hannunka

Dakta ta iso da hantsi, ta durƙusa ta gai da Baffa, ta shiga ta yi wa mata barka. Aka ajiye wa Baffa kujera a bakin tsakar gida. Uzairu ya fito da farar rigarsa, mata suka yi guɗa.

Dakta ta ce, “Inna, a taimaka mini da zoɓo kaɗan a kofi, da ruwan kanwa.” Aka kawo. Ta juya ta ce, “Uzairu, in aka zuba wannan a cikin wannan, me zai faru?”

Ya saki Turanci.

“Da Hausa,” in ji ta. “Baffa na saurare.”

Ya yi gyaran murya. “Wato... launinsa zai canja.”

“To nuna mana.”

Ka lura da kyau, a nan ya mutu. A zuciyar Uzairu, canjin launi abu ne da ake rubutawa a takarda a ba ka maki, bai taɓa ɗauka yana faruwa a duniya ba. Sai ya ga kofi ya yi ƙanƙanta, na baya ba za su ga hannunsa ba. Ya ɗauki kwanon kanwar ya nufi babbar robar zoɓon da Inna ta tashi tun asuba ta haɗa wa baƙi, ya tuttula a ciki, yana murmushi.

Zoɓon nan ja wur ya yi duhu, ya koma kore-kore baƙi-baƙi kamar ruwan kududdufi.

“Kai!” Uzairu ya yi tsalle baya. “Ashe da gaske yake canjawa!”

Kowa ya ji. Uwar mijin Rufaida ta leƙa robar ta ce, “Ikon Allah. Wannan ne za a ba mu?” Inna Suwaiba ta dafe ƙirji, kunya ta rufe ta a gaban surukai, abin da ta iya cewa kawai shi ne, “Yaron nan... yaron nan.”

Uzairu ya dubi Dakta yana neman ceto. Masu bincike ba su da tausayi. Ta naɗe hannu ta ce, “Me ka zuba?”

“Kanwa.”

“A abin da ka haddace, me ke karya irinta?”

Gumi ya jiƙa farar riga. Bakinsa ya fara motsi yana bin shafin nan nasa, sai ya tsaya cak. “Asid,” ya ce a hankali. Ya waiga, ya ga babu kwalbar asid ko ɗaya a gidan. Sai idonsa ya faɗa kan tiren lemon tsami da ke gefen murhu. “Inna, abu mai tsami! A ba ni wuƙa!”

Ya durƙusa yana yanka yana matsewa. Inda ruwan lemon ya ɗiga sai ja ya ɓullo, ya bazu. Ya ci gaba da matsa yana juyawa da ludayi har robar ta dawo ja wur. Yana yi yana surutu da Hausa tsantsa, yana gaya wa matan abin da kanwa ta yi da abin da tsami ya warware, kamar shi ma a lokacin ake gaya masa. Aka ƙara sukari. Uwar miji ta kurɓa ta ce da ɗan ɗanɗanon kanwa, amma yana shiga. Inna ta juya baya ta shiga gyara itacen murhun da ba ya bukatar gyara, tana share ido da gefen mayafi, don daɗi ya kama ta kuma ba halin ta nuna.

Mataki na shida: Ko ana yanka ka, kada ka ce ba ka sani ba

Da la'asar Baffa ya kira shi zaure. Ya dube shi ya ce, “Gonar nan ta Doguwa, ɓangaren tudu. Shekara da shekaru ina zuba mata taki, masara na fitowa rawaya, ba ta jin komai. Tun da ka shiga makarantar nan nake so in tambaye ka, kullum sai ka yi mini yaren da ba na ji. Me ke damun ta?”

Ga dama ta samu, Turanci na nan a bakinsa. Sai wawan ya sunkuyar da kai ya ce, “Wallahi Baffa, ban sani ba.”

Baffa ya gyaɗa kai. “To, yau ka yi mini magana.” Ya sa hannu a aljihu ya ciro ƙullin ƙasa a leda, ya ɗora masa a tafin hannu. “Ka koma ka sano.”

Ya koma. Yanzu shi ne a sahun gaba a ɗakin gwaji, ya fasa kwalba, ya ƙona hannun riga, malamai na ganin sa suna canja hanya saboda tambaya. Ya rame. Har yau bai gama gano ciwon gonar ba, Baffa kuma duk Juma'a sai ya kira shi a waya.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba shi da alhakin duk abin da ya biyo baya. Wanda ya bi matakan nan ya fita da digiri, aka ɗauke shi aiki a kamfanin magani, kada ya ambaci sunana, kuma don Allah ya gaya mini sunan maganin in kiyaye. Wanda kuma ya kauce har ya fara fahimta, ya rasa barci da ƙiba, shi ya jawo wa kansa. In baffanka ya damƙa maka ƙasar gonarsa a leda ya ce yana jiran amsa, tsakaninku ne. Ni ko hanyar gonar ban sani ba.