Korau da Layi Biyu

A wani ƙauye da ake kira Tudun Gawo akwai wani mutum mai suna Korau, wanda in ka ce masa ya riƙe bakinsa sai ya sa hannu ya riƙe. Yana zaune da mahaifiyarsu, Inna Kande, da ƙanensa Malam Nomau, mai koyar da lissafi a firamare. Nomau na son yayan nan nasa, amma kullum a cikin jin kunyarsa yake.

Wata rana za a yi baƙi, Inna ta ce a ƙara mata dawar tuwo da rabi. Nomau ya ga dama ta samu ta koya wa yayansa wani abu. Ya ce, "Yaya, rabi shi ne kashi hamsin cikin ɗari. Ja layi biyu, na sama na mudu, na ƙasa na kashi, sai mu ga inda suka haɗu." Korau ya fita. Can sai hayaniya. Nomau ya leƙa, ya tarar Korau ya jera mutanen unguwa layi biyu a ƙofar gida, kowa da buhu, an ɗauka rabon taki ake. Da kansa ya bi su ɗai-ɗai yana ba da haƙuri, har wani tsoho ya ce masa, "Malam, ashe boko ma yana yaudara?"

Wata rana kuma Inna ta ce a ware wa ƙanwarta kashi ashirin cikin ɗari na albasar da aka tono. Korau ya ƙirga, ya ga albasa arba'in ce, ba ta kai ɗari ba. Sai ya ɗauko wuƙa ya yi ta yankawa har ya kasa ta kashi ɗari a tsakar gida, hawaye sharkaf. Maƙwabta suka ga ƙato yana kuka, suka fara shigowa gaisuwar mutuwa. Ranar Nomau bai iya zuwa majalisa ba.

Wata rana da damina Nomau ya ce, "Yaya, igiyar rijiya kamu ashirin ce, da rani muka ƙulla mata ƙarin kashi hamsin cikin ɗari. Yanzu ruwa ya taso. Je ka rage kashi hamsin ɗin ta koma yadda take. Ninka ta biyu ka datse."

Korau ya ninka igiya, ya ɗaure ta daga wannan bishiya zuwa waccan, ya datse hanyar rijiya. Mata suka taru da tuluna suna masifa. Nomau ya iso kansa a sunkuye, ya buɗe baki zai yi faɗa, sai idonsa ya sauka kan igiyar, ga ta layi biyu a miƙe. Ƙullin ƙarin yana can nesa da inda aka ninka. Ya lissafa a ransa: da ƙarin ta zama talatin, rabin talatin kuwa sha biyar ne, ba ashirin ba. Da an yanke yadda ya ce, da guga bai taɓa ruwa ba, kuma ita ce kaɗai igiyar unguwar.

Korau ya ce, "Na yi kuskure ko, Malam?"

Nomau ya durƙusa yana kwance ƙullin ƙarin, bai ɗaga kai ba. Ya ce, "Riƙe mini nan, Yaya."