Ranar da Na Rufe Hanyar Kamaru

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na rufe hanyar Kamaru ni kaɗai, ina zaune a kan kujerar roba a unguwarmu ta Kilomita Biyar, a birnin Bangi.

Muna da wata 'yar ƙungiya ta matasan unguwa, duk Asabar muna zana tituna a taswirar nan ta intanet da kowa ke iya gyarawa. Madam Zenabu ke koya mana, mace mai haƙurin da ke ba ni haushi. Ranar da ta zo kan peyaj, shingen da motoci ke tsayawa su biya kuɗin hanya, sai ta shiga jan zance: kowane layi a zana shi daban, a ɗora masa ɗigo daidai inda mai karɓar kuɗi ke zama, a yi wa ɗigon alamar peyaj, sannan a tabbata bakin layin ya haɗu da babban titi gaba da baya. Ni tun a "kowane layi" na ce na gane. (Ban gane ba. Yunwa nake ji.)

Aka ba ni peyaj ɗin da manyan motocin kaya ke bi in sun taso daga Kamaru. Na yanke titin, na ja layuka, na ɗiga ɗigo, na tura, na riga kowa tashi. Sunan da na raɗa wa kaina a taswirar kuwa, Gwanar Bangi.

Bayan sati biyu Madam ta gayyato 'yan kasuwa su ga aikinmu. Na jawo Kawu Sale, ƙanin mamata mai shagon atamfa, wanda ya dage wasan waya nake, gara in riƙa tsare masa shago ran Asabar. Muka yi sharaɗi: in abin ya burge shi, ya sakar min Asabar ɗina.

Madam ta haska taswirar a bango, ta umarce ta ta nuna hanya daga kasuwarmu zuwa iyakar Kamaru. Taswira ta ce babu hanya. Ta sake. Babu. Kawu ya gyara hula.

Sai na miƙe. "Wani sakarai ne ya ɓata mana aiki! Madam, buɗe tarihin gyara mu ga sunansa."

Ta dube ni, ta ce a hankali, "Bari sai an tashi."

"Yanzu dai! A kore shi kowa ya huta."

Ta buɗe. Ga layukana nan suna reto kamar taliya, ko ɗaya bai taɓa titi ba. A samansu, da manyan baƙaƙe: Gwanar Bangi. (Sunan da na shekara ina yi wa Kawu alfahari da shi.)

Kawu ya juyo. "Ashe ke kika riƙe min dilar atamfa biyu a hanya, 'yar nan? Singila mingi, Gwana!" (Wato an gode ƙwarai, da yaren garinmu.) Wani dattijo ya yi dariya har sai da aka miƙa masa ruwa.

Gyaran bai kai shan shayi ba, haɗa bakunan layi ne kawai. Amma Asabar ta tafi. Yanzu ina shago ina ninke atamfa, kuma duk wanda ya tambayi Kawu me ya sa kaya suka makara, ni yake nunawa da baki.

Na dai koyi abu biyu. Layi sai ya haɗu da titi. Kuma kafin in ce a tona sakarai a gaban jama'a, ina fara leƙa sunansa a wayata.