Tunau a Ɗakin Wasan Yaya Balaraba

A ƙauyen Rafin Kanya akwai wani mutum ana ce masa Tunau. Gidansu ba yawa: shi, da mahaifiyarsa Inna Kulu, sai wani jaki da ya fi kowa hutu a gidan. Tunau ƙato ne, ga ƙarfi ga fara'a, bai taɓa faɗa da kowa ba. Aibinsa ɗaya ne: yadda magana ta fito daga bakinka, haka zai ɗauke ta, ba ƙari ba ragi. Ranar da Inna ta ce ya je ya duba tuwo a kan wuta, ya je ya tsuguna yana dubansa har ya ƙone ƙurmus, sannan ya dawo ya ce ya duba.

Yayarsa Balaraba tana aure a Funtuwa. Ta daɗe tana koyar da ƙananan yara, sai ta kama wani babban ɗaki ta mai da shi wurin wasa. Ga lilo, ga sulu da yara ke zamewa a kai, ga wani ƙaton akwati cike da ƙwallayen roba masu launi da yara ke nutso a ciki, ƙasa kuwa duk an shimfiɗe ta da katifu. Duk ƙarfinta a nan ta zuba, kuma ta san duk ranar da ɗan wani ya ji ciwo a wurin, iyaye za su gudu su bar ta da bango. Tana neman mai ƙarfi kuma amintacce, sai Inna ta ce mata a waya, "Ga ƙanenki nan zaune." Balaraba ta ce to, a turo shi.

Wata rana, wato ranar da ya fara aiki, Balaraba ta tsayar da shi a tsakiyar ɗakin ta ce, "Aikinka ɗaya ne. Ka sa ido a kan kowane yaro." Ta shiga ofis. Jim kaɗan ta ji dariya ta cika ɗaki, ta leƙo. Sai ga yara sun yi layi, Tunau ya durƙusa, duk wanda ya iso ya kama kansa da hannu biyu, ya ɗora idonsa na dama a tsakiyar kan, ya ce, "Na sa maka. Wuce."

"Tunau, me kake yi?"

"Yaya, na kusa gamawa. Waccan mai kitson ce ta tsone ni, shi ya sa na koma na hagu."

Yaran da aka sa wa ido suna zagayowa suna sake bin layi. Ranar ba wanda ya hau lilo.

Wata rana wata yarinya ta goge gwiwa a kusurwar benci. Abin bai yi jini ba, amma hankalin Balaraba ya tashi. Ta sayo soso da salatif mai yawa, ta ce wa Tunau, "Duk abin da ke da kaifi a ɗakin nan, ka naɗe shi." Tunau ya yi aiki kamar ba gobe. Ya naɗe benci, ya naɗe bakin tebur, ya naɗe hannun ƙofa, har ƙusar da ake rataye agogo sai da ya yi mata hula. Yana cikin hutawa, sai ya ji wasu iyaye mata biyu suna ƙus-ƙus a kan Ladidi, matar da ke sayar da cincin da zoɓo a gefen ɗakin. Ɗaya ta ce, "Ke dai bari, matar nan harshenta kaifi gare shi." Tunau ya miƙe, ya yanko soso daidai faɗin tafin hannu, ya je gaban Ladidi ya rusuna.

"Baba Ladidi, don Allah buɗe bakinki."

"Na buɗe in yi maka me?"

"Naɗewa zan yi. Ba zai yi zafi ba, na yi wa benci bai ce komai ba."

Abin da Ladidi ta faɗa masa ranar, har masu shago na tsallaken titi sun ji. Tunau ya koma wajen yayarsa yana sosa ƙeya ya ce, "Yaya, gaskiyarsu ce, akwai kaifi. Amma ta ƙi tsayawa."

Wata rana da safe Balaraba za ta fita sayen man janareta, ta ce, "Akwatin ƙwallon nan ya yi datti, yara kuma suna kai komai baki. Ka wanke shi tas, da duk abin da ke cikinsa." Tunau ya tafi ɗebo ruwa. Kafin ya dawo da bokitai, 'yan gidan wani tela da ke kusa sun riga sun zo sun faɗa ciki. Ya tsaya ya dube su, ya dubi ƙwallaye, ya ce bismilla. Da Balaraba ta dawo, ta tarar da ƙwallaye a baje kan tabarma suna shan iska, a gefensu kuma yara a jere, kowa naɗe da tawul, fuska sai ƙyalli take, suna ƙamshin sabulu.

"Inna lillahi! Wa ya ce ka yi musu wanka?"

"A ciki na same su, Yaya. Wannan ƙaramin ma sai da na maimaita masa bayan kunne."

Balaraba ta yini tana fargabar zuwan uwarsu. Matar ta zo, ta jujjuya ƙaramin, ta leƙa bayan kunnensa, ta ce rabon da ya yarda a taɓa masa wurin nan tun azumi. Ta tambaya ko ana yin haka kullum.

Wata rana Balaraba ta kira shi, ta kama kunnenta ta ce, "Wannan ba wasa ba ne, Tunau. Kada ka ba kowa yaro sai wanda ya kawo shi. Ko waye." Ta tafi gaisuwar rashin lafiya. Da la'asar wata mata, Maman Nabila, ta dawo daga kasuwa ɗaukar 'yarta. Tunau ya tare ƙofa.

"Hajiya, ba ke kika kawo ta ba."

"Ban gane ba. Ni na haife ta!"

"Yaya ba ta ce wanda ya haifa ba. Da idona na gani, mai adaidaita ne ya kawo ku."

Matar ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta kira Balaraba waya a kashe. Nabila kuwa tana can kan sulu tana ɗaga wa uwarta hannu. Da ƙyar aka samo mai adaidaitan a bakin tasha, wani dattijo da bai san hawa ba bai san sauka ba. Tunau ya ɗauko yarinya ya miƙa masa da ladabi, dattijon ya miƙa wa uwar. Matar ta juya za ta tafi a fusace, sai Tunau ya ce, "Hajiya, ke ma fa shi ya kawo ki. Bi shi." A ranar Balaraba ta je har gida ta ba da haƙuri, ta dawo ta kira Inna ta ce da zarar an gama wata hidima da za a yi a ɗakin ranar Asabar, za ta sa Tunau a mota ya koma gida.

Wata rana, Asabar ɗin ke nan, wani ɗan kasuwa ya kama ɗakin gaba ɗaya don walimar 'yarsa da ta gama firamare. Damina ce, kwana da kwanaki ana ruwa, yara sun gaji da zaman gida. Suka cika ɗakin maƙil, masu tsalle na tsalle, masu ihu na ihu, ga kiɗa. Balaraba ta toshe kunne, ta wuce ta gefen Tunau tana cewa, "Yau kam yaran nan sai sun ruguzo mana rufin nan a ka." Ta shiga ofis ɗauko kek.

Tunau ya ɗaga kai ya dubi rufi, ya dubi yara. Shi dai bai taɓa jin yayarsa ta yi ƙarya ba. Ya ruga ya buɗe ƙofa duka biyu, ya tsaya ya yi kukan jirgin ƙasa da iyakar muryarsa: "Kuuuu! Jirgi zai tashi! Wanda bai kama ba an bar shi!" Yara suka zubar da abin hannunsu, wannan ya kama rigarsa, wancan ya kama rigar wannan. Ƙananan da ke cikin akwatin ƙwallo ya tsamo su, biyu a kafaɗa, ɗaya a hammata. Jirgi ya fice har filin gaban shaguna, iyaye na biye suna tambayar ko lafiya.

Balaraba ta fito da kek ta tarar da ɗaki wayam. Ta biyo su waje, ranta a ɓace.

"Tunau! Wane irin wulaƙanci ne wannan? Wa ya ce ka fitar da su?"

"Ke kika ce rufi zai ruguzo."

"Magana ce kawai, sakarai! Yau ɗin nan za ka koma Rafin Kanya, ba sai..."

Ba ta ƙarasa ba aka ji rugugi daga ciki, ƙura ta biyo ƙofa. Ashe kwanon rufin ya huje a inda ba wanda ya gani, silin ya daɗe yana shan ruwa. Ya ɓallo da fanka da katako, ya faɗa daidai kan akwatin ƙwallo. Ƙwallaye suka gangaro waje ɗaya bayan ɗaya har bakin ƙafafun mutane.

Iyaye suka ruga wajen yara. Kowace uwa ta laluba ta rungume nata, ba wanda ko ƙwarzane ya samu. Mai walima ya kama hannun Tunau da hannu biyu yana ta godiya. Ladidi ta cika wa Tunau kofi da zoɓo. A nan filin aka yanka kek, yara na rige-rigen tsintar ƙwallo.

Balaraba ta zauna a kan dakali. Ta ce ba za a sake buɗe ɗakin ba sai kafinta ya bi rufin kwano bayan kwano, maganar mota kuma a bar ta. Ta share hawaye da gefen mayafi, ta dubi ƙanenta.

"Tunau, Allah ya yi maka albarka. Yau ka fitar da ni kunya."

Tunau ya haɗiye kek ɗin da ke bakinsa, ya girgiza kai.

"A'a Yaya, yara kaɗai na fitar. Ke da ƙafarki kika fito, kina zagina."