Butar da ba ta da baki

Shekarar Olamfik, mutumin da nake sarin kaya a wurinsa a kasuwar Baima, can ƙetare, ya kai mu tsohon filin ƙanƙarar unguwarsu, inda dattawa ke wasan tura dutse bisa ƙanƙara suna share masa hanya da tsintsiya. Na taɓe baki, na ce wa abokina Sani Maraɗi, "Ƙattin banza, ko shara ba su iya ba."

Azahar ta yi. Na hango buta bisa jan ƙyalle, na fizgo zan yi alwala. Ashe dutsen wasan ne mai mariƙi irin na buta, wanda iyayensu suka buɗe filin da shi. Ya ja ni, muka zame tare har tsakiyar fili, tsofaffi na ihu.

Har yau in na nemi buta, sai Sani ya ce, "Alhaji, a haɗo da tsintsiya?"