Ranar da Na Ɗare Motar 'Yan Alewa

Ba zan taɓa mantawa ba da yadda wani tsohon fim ɗin Turawa ya kai ni ya baro. Lokacin ina aiki a kamfanin fata a Challawa, ana yayin faifan CD. Fim ɗin ko kala babu, amma akwai inda jarumin ke bin jirgin ƙasa da gudu, ya cafki ƙarfen ƙofa da hannu ɗaya, ƙafafunsa na reto, don kawai ya cim ma matar da aka sace. Ba kiɗa, ba surutu, sai numfashinsa. Duk kallon da na yi sai in ce namiji ke nan.

Ni kuma ina da Hadiza, mai naɗe alewa a kamfanin da ke kallon namu (a zuciya nake da ita, ita ba ta san ina yi ba). Kullum da la'asar ina kallonta tana hawa motar kamfaninsu, ban taɓa ce mata uffan ba.

Rannan maigadinsu ya tsegunta mini an rage ma'aikata, har da ita, gobe za ta koma garinsu a Jigawa. Ina waigawa, mota ta fara tafiya. Ban tsaya wanka da sauya kaya ba, yadda muke yi kafin mu shiga mutane. Da takalmin roba da rigar aiki na bi ta, na kama ƙarfen ƙofa, na faɗa ciki.

Na manta mai aikin fata ba ya jin warin jikinsa. Mota cike da mata, kowa ta ja mayafi ta toshe hanci. Wata dattijuwa ta ce, "Direba, tsaya, mushe ya shigo."

Hadiza ce kaɗai ba ta toshe ba. Ta dube ni ta ce, "Sannu Malam, ba ka ji ciwo ba?"

Ga ni ga ta. Na buɗe baki, sai na ji na ce, "Ina wuni? Ya aiki?" (Aikin da aka sallame ta yau ɗin nan.)

Direba ya sauke ni a bakin titi, ana ta dariya. Na ga Hadiza ta leƙo ta taga har suka sha kwana.

Wallahi har yau ina kewarta. Na dai koyi cewa mai shirin kasada ya fara tanadar abin da zai faɗa kafin ya yi tsalle. Ni ko sunan garinsu ban tambaya ba.