Ranar da Na Rantse Motata Ba Fabrika Ba Ce

Ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da na kai motata gidan Dokta Ra'uf ba, kuma ko na so in manta, matata ba za ta bari ba.

Bari in fara da motar. A shekarata ta biyu ina aiki a ofishin jakadancinmu na Alƙahira na gan ta, a gindin wata bishiya a bayan layinmu a unguwar Ma'adi, an lulluɓe ta da tsohon tamfol, kuliyoyi sun mai da rufinta ɗakin kwana. 'Yar Jamus ce, ƙirar shekarun sittin, doguwa, ruwan madara, da bamba ta ƙarfe zalla. Mai ita wata dattijuwa ce da mijinta ya rasu ya bar mata, tana neman wanda zai kawar mata da ita. Ni kuwa tun ina yaro a Zariya nake mafarkin irin wannan mota, domin wani alƙali a unguwarmu yana da kamarta, in ya shigo da ita har tsofaffi miƙewa suke yi su leƙa. Na saya ban yi shawara da kowa ba. (In na ce kowa, Hajiya Bilki nake nufi, matata.) Da ta sauko ta gan ta, ta zagaya ta sau ɗaya, ta ce, "Baban Amira, Allah ya sanya alheri a akwalarka." Sunan ya bi motar tun daga ranar.

Niyyata ita ce in mai da ita sabuwa fil, daga bamba zuwa bamba. Wani makanike ya wanke mata inji ya sa batir, ta tashi. Sauran aikin na ce da hannuna zan yi, kowace Asabar. To, kun dai san Asabar ɗin ma'aikaci. Yau baƙi daga gida, gobe makarantar yara, jibi zafi. A shekara uku abin da na iya yi bai wuce na cikin cokali ba: na sake wa ƙofar direba da ɗaya daga cikin gefunan gaba fenti, da wani fenti mai ƙyalli da ya fi sauran jikin haske, na lulluɓe kujerar direba da jan roba, na shimfiɗa gashin tumaki a kan katakon gaba, na cire tsohon hon na sa wani mai waƙa. Duk sauran motar tana nan yadda na same ta, kujerun fata sun tsattsage, fenti ya koɗe, katako ya dusashe. Kunyar wannan ɓangaren nake ji ƙwarai. In baƙo ya zo, ta wajen ƙofar direba nake tsayar da shi.

Sai wa'adina ya cika, aka ce mu shirya komawa gida. Ɗaukar ta zuwa Nijeriya ba zai yiwu ba, don haka na sa ta a kasuwa. Ba wanda ya kira sai masu sayen tsohon ƙarfe, waɗanda Misirawa ke ce wa 'yan khurda. Ɗayansu ya zo, ya doki taya da ƙafa, bai tambayi shekarunta ba, nauyinta ya tambaya. Ranar ko abinci ban iya ci ba. Ba kuɗin ne damuwata ba, abin da ya tsaya mini a rai shi ne in hau jirgi na san ana can ana yanka ta da wuta.

Wani abokin aikina ne ya ce in gwada Dokta Ra'uf, tsohon likitan ido da ya yi ritaya, wanda aka ce ba abin da yake yi yanzu sai tara tsofaffin motoci. Ya ce in har Dokta bai saya ba, to ba mai saya.

Kafin mu isa gidansa, dole in faɗa muku wani abu game da Larabcina, domin a nan gizo ke saƙa. Larabci na karanta a jami'a, na nahawu da balaga, kuma ina ji da shi. Larabcin titin Alƙahira kuwa raina shi nake yi, ina ganin karyayye ne. Na taɓa yi wa wani direban tasi kwatancen gidanmu, da na gama ya ce "sadaƙallahul azim", na ɗauka yabo ne. Hajiya Bilki ba ta taɓa buɗe littafin nahawu ba, a kasuwa da wajen maƙwabta ta tsinci nata, kuma kullum ina yi mata gyara.

Bayan sallar Juma'a muka kama hanya, motar tana tari tana tafiya. Hajiya ta ce za ta bi ni don ta ga ƙarshen akwala da idonta. Gidan tsoho ne, cikin itatuwa, ba wani abin kallo daga waje. Dokta da kansa ya buɗe mana, ɗan siririn dattijo da farin gashi da kwat mai ruwan toka, ya nuna mini wata gangara da ta nufi ƙarƙashin gidan, ya ce in sauka a hankali.

Na sauka cikin duhu. Sai ya kunna fitilu.

Wallahi har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Motoci ne jere, layi bayan layi, baƙaƙe da jajaye da koraye, wasu sun girme ni, wasu sun girmi mahaifina, kowace tana sheƙi kamar yau aka sauke ta daga jirgin ruwa. Wurin ba ƙura, ba warin mai, sai ƙamshin fata da katako. A can gefe wasu dattawa abokan Dokta suna zaune suna shan shayi, suna magana ƙasa-ƙasa yadda ake yi a ɗakin mara lafiya. Ɗayansu ya tashi ya ɗora kofin shayinsa a kan bonet ɗin wata baƙar mota, ya shiga ya tayar da ita. Na zuba wa kofin ido, shayin ko motsi bai yi ba. Ban san lokacin da na cire hulata ba. Hajiya Bilki, wadda ba abin da ke burge ta a harkar mota, ta ce a hankali, "Ikon Allah."

Na juya na dubi tawa, da jar kujerarta da gashin tumakinta, na ji kamar na shigo ɗaurin aure da kayan barci.

Dokta ya tsaya nesa kaɗan, hannuwa a baya, yana kallon ta. Sannan ya dube ni ya yi tambaya da kalma ɗaya tak.

"Fabrika?"

To, ni a Larabcin jarida na san kalmar fabraka, wato ƙirƙirar ƙarya, kuma in an ce labari mufabrak ne, ana nufin na jabu ne. Nan take na yanke hukunci cewa mutumin nan tambayata yake ko motata jabu ce. A gaban waɗannan dattawa, a gaban matata. Jinin Zazzagawa ya motsa. Na gyara tsayuwa, na ɗaga yatsa sama, na kawo Larabci mai wasali cikakke.

"Na rantse da Allah mai girma, ya Dokta, babu fabrika a cikin motar nan, ko ƙusa guda."

Ya ɗaga gira. "Ko kaɗan? Injin fa?"

"Har injin."

"Kujerun baya? Katakon?"

"Ba abin da ke fabrika a cikinta. Ni ba mutumin banza ba ne."

Na ji an mintsine ni a hannu. Hajiya ta ce da Hausa, "Baban Amira, dakata tukuna."

Na ce, "Hajiya, ki bari don Allah, cinikin mota ne wannan." (Wannan jimlar, ta maimaita mini ita a Alƙahira, ta maimaita a jirgi, ta maimaita a Abuja a gaban ƙannena.)

Fuskar Dokta ta sauya. Ya girgiza kai ya ce, "Khusara, an yi asara. Ma'alish, yi haƙuri ya ustaz, ni fabrika kawai nake saya. Zo ka sha shayi kafin ka tafi."

Na sake duban motocinsa. A raina na ce, ashe duk wannan sheƙin na jabu ne, kuma ga mutum da furfurarsa yana faɗa ba kunya. Sai kuma ma'anar maganar ta sauko mini: ya ƙi saya. Mai tambayar nauyi ne zai ɗauke ta. Na ɗora hannu a rufin motar.

Hajiya Bilki ce ta matsa gaba. Ta gyara mayafinta, ta yi magana da wannan Larabcin kasuwar da nake yi wa gyara.

"Ya Dokta, ma'alish. Mijina da nahawu yake magana. Motar nan fabrika ce kusan dukanta, yadda ta fito daga kamfani. Bai taɓa komai ba sai abin da kake gani yana ƙyalli."

Ta juyo gare ni ta ce da Hausa, murya ƙasa, "Fabrika na asali ke nan. Na kamfani. Ko injin wanki za ka saya na hannu, abin da ake tambaya ke nan."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na gode mata. Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi dariyar ciwo. Dattawan dai sun ajiye kofunansu.

Dokta ya matso kusa da motar. Ya zagaya ta ɗaya gefen, gefen da ban taɓa tsayar da baƙo ba, ya buɗe ƙofar baya, ya sunkuya ya shaƙi iskar ciki, ya daɗe a haka. Ya zaro 'yar tocila irin ta duba ido daga aljihu, ya bi ɗinkin kujera da ita, ya bi bakin ƙofa, ya shafa koɗaɗɗen fentin da bayan hannunsa yadda ake taɓa goshin yaro. Ya kira abokansa da sunayensu, suka taso ɗaya bayan ɗaya. Aka buɗe but, aka ɗaga shimfiɗar ƙasa, sai ga safayar taya da ban ma taɓa cirowa ba, ba ta taɓa taka ƙasa ba tun da aka yi ta. Wani dattijo mai sanda ya durƙusa da ƙyar don ya gan ta da kyau, ya ce "Masha Allah" kamar mai raɗa. Dokta ya tayar da injin, ya rufe ido yana saurare, kowa ya yi tsit.

Ni ma na tsaya ina kallo, kuma a gaskiya ranar na fara ganin motata. Tsagar da ke jikin kujerun, wadda nake rufewa da tsohon bargo, su a wajensu abin girmamawa ce. Mutanen da suka ɗinka fatar nan da hannu wataƙila duk sun mutu, amma ɗinkinsu ko zare ɗaya bai saki ba. Na ji wani irin kwarjini ya cika ni, har idona ya kawo ruwa.

Dokta ya kashe injin ya fito. Ya ce, "Ya ustaz, ka yi rantsuwa a kan abin da ba haka ba. Amma kaffararka mai sauƙi ce. Zan saya, da sharaɗi ɗaya."

Ya je ya ɗauko guntun alli ya miƙa mini.

"Duk inda hannunka ya taɓa, ka sa alama, don mu san abin da za mu warware."

Haka na karɓi allin nan, da babbar rigata ta Juma'a, na shiga zagaya motar, dattawa na biye da ni. Na sa alama a ƙofar direba, wadda na yi Asabar da yawa ina gogewa. Na sa a gefen gaba. Na sa a jar kujera. Na ɗaga gashin tumakin da kaina na riƙe a hammata, domin ban san inda zan ajiye shi a irin wannan wuri ba. Dokta ya ce, "Khalas? Shi ke nan?" Na ce saura hon. Ya ce in danna ya ji.

Na roƙe shi da ido, bai gane ba, ko ya ƙi ganewa. Na danna. Waƙar nan ta tashi a cikin ɗakin, ta bugi bango ta dawo, kuma irin hon ɗin nan ne da ba ya tsayawa sai ya kai ƙarshen waƙarsa. Muka tsaya duka muna jira ya gama. Dattijo mai sanda ya ce, "La haula wa la ƙuwwata." Hajiya ta juya baya, kafaɗunta na rawa.

Da shiru ya dawo, Dokta ya ƙirga alamomin da ido, ya tambaye ni, "Shekara nawa kana wannan aikin?"

Na ce uku.

"Iyakar abin da ka yi ke nan?"

Na sunkuyar da kai na ce ayyuka ne suka yi mini yawa.

Ya kama hannuna da hannu biyu, da gaske, ba da wasa ba, ya ce, "Alhamdulillah. Da kai mai himma ne, da ka kashe ta."

Aka tura ta aka ajiye kusa da baƙar motar nan, aka kawo mata mayafi mai laushi. Na sha shayin, na yi sallama, muka fito muka tari tasi, gashin tumaki na kan cinyata. Hajiya ce ta yi wa direban kwatance, ni ban buɗe baki ba.

Darasin da na koya guda biyu ne, kuma ba arha na same su ba. Na farko, kafin ka ɗaga yatsa ka rantse a kan kalma, tambayi wadda ke mintsinin ka. Na biyu ya fi zafi. Iyayena da malamaina da shugabannina a ofis sun yi shekara da shekaru suna yi mini faɗa a kan jinkiri da kasala, ni ma ina jin haushin kaina. To, a duk rayuwata abu ɗaya ne na taɓa ceta daga halaka, kuma lalacina ne ya cece shi.