Yadda Ake Daɓen Katako Don Tsere wa Suruki

Kai da ka gaji da zaman gidan surukai a nan garinmu Besao, matso kusa. Bi matakan nan, na yi maka alkawarin daɓen katakon saleng, itacen tsaunukanmu, mai santsi da ƙamshin ƙaro, ka tare a gidanka ko ana ha-maza-ha-mata. Matakan nan wani mai suna Tomeg ya bi, kuma har gobe ana zuwa kallon daɓensa.

1. Nemi dalili mai zafi

Malalaci ba ya ɗaukar guduma sai an ƙure shi. Tomeg ya yi shekara da shekaru a gidan surukinsa, Lakay Bawing, tsohon da ke gyara masa komai, har yadda ake ɓare dankali. Ya lallaɓa ya gina nasa a gangaren tudu, saura daɓe kawai. Matarsa Sinay ta ce, "Maigida, ni ba kaza ba ce da zan kwana a kan azara. Ranar da ka shimfiɗa katako, ranar za mu tare."

2. Kada ka taɓa ɗanyen katako

Ɗanye yakan tsuke in ya bushe, ya bar maka tsagar da cokali zai faɗa. Busarwa kuwa aikin masu haƙuri ne, kai ba ka cikinsu. Leƙa rumbun surukinka ranar da ya tafi biki ƙauyen gaba. Can Tomeg ya tarar da katakai masu faɗi da kauri, an kankare su sumul, an lulluɓe da bargo. Ya ce a ransa, tsoho da son tara tarkace! Ya kwashe su kaf. Kada ka tambayi dalilin bargon, tambaya ɓata lokaci ce.

3. Kira gayya, ka toshe musu baki

Yanka kaji, dafa kofi. Pekas, maƙwabcin Tomeg, ya shafa katako ɗaya.

"Kai Tomeg, wannan fa tsawon mutum ne cif. A ina ka samo?"

"Ci namanka, sarkin surutu. Guduma aka kira ka riƙe ko bincike?"

Duk wanda ya buɗe baki, miƙa masa cinya.

4. Buga ƙusa kamar ba za a cire ba

Dakushe tsinin ƙusa kaɗan kada ta tsaga katako. Bibbiyu a kan kowace azara, a ɗan karkace, ka nutsar da kawunansu. Bar 'yar tazara jikin bango. Tomeg don ƙwazo har ƙari ya yi, wai ko jikokinsa ba za su iya ɓamɓare shi ba. Gaskiya ya faɗa.

5. Gayyato suruki ya gani

Goge daɓen da ɓawon kwakwa har ya ɗauki ido. Lakay Bawing ya shigo, ya cire takalmi, ya riƙa takawa a hankali. Ya tsaya kan wani katako, ya daɗe yana kallo. Tomeg ransa fari ƙal, yau dai za a yabe shi.

"Yaro, aiki ya yi kyau."

"Na gode, Baba."

"Wannan da nake tsaye a kai murfin ne. Na gindin tagar can, nan kaina zai kwanta. Tun matarka tana goye na sare itacen, nake busar da shi don akwatin gawata."

Sinay ta ɗora hannu a ka. Pekas ya tuna bai ba aladunsa abinci ba. Tomeg ya rarumo guduma.

"Baba, yi haƙuri, yanzu zan ciccire!"

"Da wannan uwar ƙusa? Ka mayar mini da shi rariya, sanyi ya riƙa damuna?" Tsoho ya zauna, ya miƙe ƙafa, ya ƙyalƙyale da dariya. "Bar shi. Gobe ka sare wani, mu jira ya bushe kamar wannan. Kafin nan ba ni da halin mutuwa. Sai dai ni ban iya kwana nesa da katakona ba. Sinay, ɗauko mini bargona."

6. Tare a gidanka

Tomeg ya tare a ranar, kamar yadda na yi alkawari. Tsoho na nan garau, a kan murfinsa yake kwana, kullum da safe yana koya wa Tomeg ɓare dankali.

Gargaɗi

Daɓe da tarewa na yi alkawari, ka kuma samu. Wanda zai biyo ka ya kwana a kai ba ya cikin maganarmu. Kada wanda ya zo mini da ƙorafi, ko ya aiko mini tsohonsa da bargo.